Yadda Ake Neman Izinin Bude Gidan Ajiyar Maguna A Kauyen Ingila, Da Maganar Titi Da Ke Kayar Da Mutane

A Birtaniya akwai maguna sama da miliyan 10 a gidajen mutane, kuma duk mai kyanwa in tafiya ta kama shi, hutun bazara ne ko na kirsimeti ko kwanciyar asibiti, dole ya nemi inda zai bar ta a kula da ita. Shi yasa gidan ajiyar maguna sana'a ce mai rai a kasar nan, kuma ta fi dacewa da bayan gari inda akwai fili da shiru. 'Yan uwa da Allah ya hore wa gida da dan fili a kauye, ko suke shirin siya, wannan bayanin naku ne. Amma ku sani dokokin Ingila kawai nake magana a kai, Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa kowa da tasa.

Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shine, sau da yawa ba dakunan magunan ne ke sa a ki ba mutum izini ba, bakin get dinsa ne. Mutum zai zauna ya zana dakuna masu kyau, ya yi cinikin katako da waya, har ya sa wa wurin suna, bai taba tsayawa a kofar gonar ya duba nisan da ido ke kaiwa dama da hagu ba. Toh daga karshe injiniyan hanya ya rubuta layi uku, shikenan an rufe magana. Don haka a bakin get din za mu fi dadewa.

Takardu biyu ne, kar ka hada su

Akwai izinin tsara gari, wanda ya taso daga dokar tsara birni da karkara ta 1990. A dokar, ba sai ka yi sabon gini kadai kake bukatar izini ba, ko canza amfanin wuri ka yi, misali tsohon sito na gona ko barga ka mayar da shi gidan maguna na kudi, wannan ma sai da izini. Kuma gidan ajiyar dabbobi galibi ba ya shiga ajin shago ko ofis ko noma, ajinsa daban ake ba shi, don haka kar wani ya rude ka da cewa ai gona ce, komai ka ga dama yi. Sai kuma lasisin kula da dabbobi, a karkashin ka'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2018. Duka biyun a kansul, wato hukumar mulkin yanki, ake nema amma ofis daban ne, ma'aikata daban, kuma samun daya ba ya nufin ka samu dayan.

Sannan ka gane waye da waye. Karamar kansul ta gunduma ita ke yanke hukuncin izini, amma titi yawanci na babbar kansul ta yanki ne, su ke da injiniyoyin hanya, kuma su ake tura wa takardarka su fadi ra'ayi. A wasu wurare kansul guda ce ke rike da duka biyun. In filinka a cikin gandun kasa yake irin su Peak District ko Dartmoor, hukumar gandun ce mai ba da izini. In kuma kofarka ta bude kan babbar hanyar gwamnatin tsakiya ce, hukumar manyan hanyoyi ta National Highways za su shigo, kuma gaskiya wadannan tsaurinsu ya fi.

Mataki na farko: dauki tef ka fita

Kafin ka kashe ko fam daya, je ka tsakiyar kofar da motoci za su rika fita, ka auna mita 2.4 daga gefen kwalta zuwa ciki. Nan ne ake dauka idon direba yake in ya tsaya yana jiran ya shiga titi. Durkusa har idonka ya zama kamar mita 1.05 daga kasa, tsayin idon mai karamar mota kenan, ba tsayinka a tsaye ba kuma ba na mai jif ba. Sai ka sa wani ya bi gefen titin na bangarenka yana tafiya har inda ka daina ganinsa, ku auna, sannan a yi haka a daya bangaren. Wannan fili mai kusurwa uku tsakanin idonka da inda ganin ya kare, shi ne filin hange, kuma shi injiniya zai fara nema a zanenka. Don Allah wanda zai bi gefen titin ya sa rigar nan mai kyalli, titin kauye ba wurin wasa ba ne.

Nawa ake so ya kai? Ya danganta da gudun motoci. Littafin gwamnati na tsara tituna, Manual for Streets na 2007, ya ba da mita 25 in gudun mil 20 ne a awa, mita 43 in mil 30 ne, har zuwa mita 59 a wajen mil 37. Daga nan sama sai a koma ma'aunin manyan hanyoyi da ake kira DMRB, inda mil 40 ke bukatar mita 120, mil 50 mita 160, mil 60 kuma mita 215. Toh ga inda matsalar take, yawancin titunan kauye ba su da allon gudu sai farin allon nan mai bakin layi a karkace, ma'ana karamar mota na iya yin mil 60. Ka ga kenan in ba ka kawo wata hujja ba, injiniya zai iya ce maka kawo mita 215 dama, 215 hagu, a lungun da ko mita 70 ba ya mikewa ba tare da kwana ba.

Kuma kar ka dauka mugunta ce. Motar da ke mil 60 tana cin kusan mita 27 a dakika daya, wato mita 215 din dakika takwas ne kacal. A cikin takwas din nan ne mai fita zai duba, ya yanke shawara, ya taka, shi kuma mai zuwa ya gan shi ya kai kafa birki, watakila kwalta a jike ko da laka da tirakta ta zubar. Sannan ka tuna waye kwastomanka: mutumin da bai san lungun ba, yana bin taswirar waya, ga kyanwa tana kuka a kwando a kujerar baya, ga jirgi yana jiransa. Fiye da rabin mutanen da ke mutuwa a hadarin mota a Birtaniya a titunan karkara suke mutuwa. Ni dai a ganina duk wanda zai gayyato baki su rika shiga da fita ta kofarsa, hakkin ransu na wuyansa tun kafin doka ta yi magana.

Mataki na biyu: auna gudun gaskiya

Sa'ar da ake da ita shine ba lallai a tsaya kan lambar allo ba. Lungu mai kwana da kunci, ko doka ta ce 60, mutane ba sa iya yin hakan. Sai ka dauki kamfanin kidayar motoci su shimfida robobin nan guda biyu a kan kwalta, yawanci na sati guda, na'urar tana kirga kowace mota da gudunta da inda ta nufa. Lambar da ake dauka ita ce gudun da kashi 85 cikin dari na motocin ba sa wucewa. In ta fito mil 34 misali, to maganar mita 215 ta fadi, ana iya komawa kasa da mita 60, ko da yake wasu kansuloli sun fi son su rike ma'aunin manyan hanyoyi a karkara ko gudun ya yi kasa, shi yasa yana da kyau ka karanta littafin ka'idar hanya na yankinka, kusan kowace babbar kansul tana da nata a shafinta.

Abubuwan da ke bata wannan awon kanana ne amma suna da ciwo. Kar a yi shi lokacin hutun makaranta, ko sati mai kankara, ko lokacin da ake gyaran titi an sa danja ta wucin gadi, don za a ce ba gudun yau da kullum ba ne a sa ka sake biya. Kuma robar ba a bakin get ake so ta kwanta ba, a can inda mota mai zuwa za ta fara hango kofar ake so, kowane bangare da nasa, domin mai gangarowa daga tudu da mai fitowa daga kwana gudunsu ba daya ba ne. Tambayi injiniyan kansul inda yake so a sa tun kafin a sa, ka samu amsar a rubuce.

Sai tarihin hadari. Akwai shafin CrashMap da ke nuna hadurran da 'yan sanda suka rubuta wadanda aka ji rauni, duba shekaru biyar na baya a kusa da kofarka da mahadar da ta fi kusa. In babu komai, hujja ce mai kyau, sa ta a takarda. Amma ka sani motar da ta fada shinge ba wanda ya ji ciwo ba ta fitowa a nan, kuma makwabta sun san da ita, su suka jawo ta da tirakta. Don haka kar ka je taro kana cewa ba a taba hadari a nan ba, ka ce babu wanda aka rubuta na rauni, shine gaskiya.

Filin hangen a kasar wa ya fada?

Nan ne mutane da yawa ke makalewa. Bai isa a ce yau ana gani ba, dole filin hangen ya kasance a cikin filinka ko a gefen titi mallakar hukuma, yadda za a iya tabbatar da zai zauna a share har abada, ba abin da ya wuce kamar mita 0.6 tsayi a ciki, wasu wuraren su ce mita daya da 'yan kai. In layin ya ratsa ta gonar makwabci, gobe yana iya dasa itace ko ya kafa katanga ba abin da za ka yi. Kuma kar ka yi zaton duk ciyawar gefen titi ta hukuma ce, nemi taswirar iyakar hanya daga babbar kansul, ana biyan dan kudi, ka hada da takardar mallakarka ta ofishin rajistar filaye.

In ya fada na makwabci, hanya uku ce. Ko ka sayi 'yar tsirin kasar, ko ku yi yarjejeniya ta lauya wadda za ta bi filin ko ya sayar, ko ka matsar da kofar zuwa inda titin ya fi mikewa. Wallahi sau da yawa matsar da get mita ashirin ya fi duk wata rigima sauki. Alkawarin baki kuwa, na ai ba komai ni zan rika aske maka shingen, kansul ba ta karbarsa. Akwai wani irin sharadi da ake kira Grampian, daga wata shari'a ta 1984, da ke ba da izini amma ya ce ba za ka fara ba sai an gama wani aiki a filin da ba naka ba, yana taimako amma fa in makwabcin ya ki, izinin ya zama takarda kawai.

Shingen itatuwa shi ma da nasa zancen. Shingen karkara yana da kariya a dokar 1997, ba ka tashi kawai ka tumbuke shi, kuma daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye na sheka, lalata shekar da ake amfani da ita laifi ne a dokar namun daji ta 1981. Abin da ya fi shiga shine ka nuna a zane cewa za ka cire na bakin titi ka dasa sabo a bayan layin hangen da irin itatuwan yankin. Tun 2024 kuma akwai ka'idar cewa sabon gini ya kara wa muhallin halittu kashi 10 cikin dari, kananan ayyuka wasu an yafe musu, amma taba shinge mai tsawo na iya jefa ka ciki, tambayi kansul tun wuri. In tsohon sito za ka gyara, shirya wa binciken jemagu, kuma na fitowarsu da dare daga wajen Mayu zuwa Satumba ake yi, in lokacin ya wuce ka sai wata shekara.

Mataki na uku: kirga motocinka da kanka

Makwabci in ya ji an ce gidan maguna, abin da ke zuwa masa a rai jerin motoci ne. Kai za ka kawo lissafi. Dauki misali dakuna 20, kowace kyanwa na yin sati guda, kuma a cike kake dam. Kawowa 20 ne da dauka 20 a sati, ziyara 40, kowace ziyara shiga da fita, motsi 80 kenan, in ka raba a kwana shida bai wuce 13 ko 14 a rana ba. Kara motar abinci da yashin bayan gida, motar kwasar shara, likitan dabbobi jefi jefi, da ma'aikaci in ba a gidan yake kwana ba. Ka rubuta na lokacin cika, Yuli da Agusta da karshen Disamba, kar ka rubuta na Fabrairu don lambar ta yi kyau, injiniyoyin ba yara ba ne. In kuma wurin a da ana wani aiki, kiwon shanu ko ajiyar dawakin haya, kawo lissafin motocin wancan aikin, tirakta da tirela da motar madara, ka nuna naka bai kai ba ko bai fi ba. Wannan hujja ce mai nauyi matukar aikin na halal ne kuma da gaske ana iya komawa gare shi.

Sannan ka ba da abin da za a iya daure ka da shi. Zuwa sai da alkawarin lokaci, mota daya a kowane minti ashirin ko talatin. Awannin karba da mikawa su kauce wa lokacin kai yara makaranta da daukarsu, da duhun yamma na hunturu tunda a Disamba karfe hudu gari ya yi duhu. In za ka iya, sa hidimar zuwa dauko maguna da motarka, tafiya daya ta maye uku. Amma kar ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don kawai a sa hannu, domin zai koma sharadi a takardar izini, kuma makwabcin da ya yi adawa shi zai zauna a taga yana kirgawa.

Kofa, fakin da juyawa

Get din ya koma ciki kamar mita biyar zuwa shida daga kwalta kuma ya bude ta ciki, don mota ta fita daga titi gaba daya kafin direba ya sauka budewa. Fadin bakin ya isa mota biyu su wuce juna, mai shiga kar ya tsaya a titi yana jiran mai fita. Mitocin farko a zuba kwalta ko kankare, ban da tsakuwa sako sako da taya za ta watsa a titi ta kayar da mai babur ko keke, kuma a yi magudana yadda ruwan gidanka ba zai gangara titi ya daskare ba. A ciki a samu wurin fakin na baki daban da na gida, da wurin juyawa yadda kowace mota har ta kaya za ta fita da gaba. Fita da ribas zuwa titin mil 60, wannan kam ko ni ce kansul ba zan yarda ba. In lungun mota daya yake dauka, ana iya ce ka gina wurin kaucewa daya ko biyu da kudinka. Duk aikin da zai taba titin hukuma kuma yana da tasa yarjejeniyar daban a dokar hanyoyi ta 1980, sashe na 184 don bakin shiga, na 278 don aikin da ya fi haka girma, kuma dan kwangilar da suka amince da shi ne zai yi.

Dakunan su dace da lasisi tun a zane

Wannan ba zan ja shi ba, amma kar a manta, in ka samu izinin gini da bai cika ka'idar lasisi ba sai ka sake komawa layi. Kyanwa daya na bukatar wurin kwana akalla murabba'in mita 0.85 da wurin motsa jiki 1.65, dakin da mutum ke shiga tsayinsa mita 1.8. Tsakanin daki da daki a sa shamaki mai tare atishawa don mura kar ta yadu, a gaba kuma baranda a rufe yadda ko wata ta kubuce daga daki ba za ta kai waje ba, balle titi. Wurin kwana ya zauna tsakanin digiri 15 zuwa 26, a tanadi wurin kebe mara lafiya, kuma magunan gida daban daban ba sa hada daki. Kira jami'in lasisi ya ga zanen kafin ka shigar. Ka kuma nuna inda sharar za ta, don kashin maguna na sana'a ba ya shiga bolar gida, sai kamfani mai rajista.

Shigar da takarda

Kafin cikakken nema, biya kudin shawarar farko a kansul, kuma in bangaren hanya nasu daban ne biya nasu ma, ni a ganina wannan ya fi na farkon amfani. Amsar ba alkawari ba ce amma za ta nuna maka inda za a soke ka. Duba tsarin ci gaban yankin, domin doka ta ce da shi ake yanke hukunci sai in akwai wani dalili mai karfi. Manufar kasa, NPPF, tana goyon bayan kananan sana'o'in karkara, har ta yarda cewa wasu dole su kasance inda bas ba ya zuwa sosai, amma ta hada da cewa kar su takura wa titunan wurin. In filin yana cikin koren zobe, wato filayen da aka takaita gini a cikinsu a kewayen birane, sabon gini na da wuya kwarai, gyara tsohon gini mai karfi ya fi sauki. Wani abu kuma, kar ka cusa neman gina gidan zama da sunan kula da maguna a fili mara gida, wannan gwaji ne daban mai tsauri kuma yana iya jawo duka takardar ta nutse.

Ana shigarwa ta shafin intanet na Planning Portal. Za ka sa taswirar wuri a ma'aunin 1:1250 ko 1:2500 da jan layi kewaye da wurin, kuma jan layin ya kai har bakin titi ya hada da filin hange, sauran filinka a shudin layi. Sai zanen fili a 1:500 ko 1:200, zanen gini, da 'yar takardar bayanin sufuri mai dauke da awon gudu, lissafin motoci, tarihin hadari da hotuna daga tsayin idon direba. In jan layin ya taba kasar wani, takardar mallaka ta B za ka cike kuma ka ba shi sanarwa a rubuce, sa hannu a ta A alhali ba duka naka ba ne na iya rusa izinin daga baya.

Makwabta

Da an karbi takarda za a ba jama'a kwana 21 su yi magana, har da majalisar kauye. Shawarata kar su fara jin labari daga takardar da aka daure a jikin turken wuta. Buga kofa, kai musu zanen, ka saurara. Mai hawan doki a lungun, da uwar da yaranta ke tafiya a kafa zuwa tashar bas ba dandamalin tafiya, da manomin da ke kora tumaki, tsoronsu na gaske ne, kuma sau da yawa su za su fada maka abin da robar kidaya ba ta gani ba, kamar inda ruwa ke kwanciya ko lokacin da rana ke dukan ido a kwanar.

A wajen kansul kuwa ba yawan wasiku ake kirgawa ba, dalili ake dubawa. Faduwar darajar gida, ko tare wa mutum kallon fili, ko cewa akwai wani gidan maguna a kusa, duk ba sa cikin abin da ake aunawa. Lafiyar titi, kara, wari, fitilun dare da kamannin wuri su ake aunawa. Kuma ma'aunin NPPF a kan titi a fili yake: ba a kin aiki saboda hanya sai in illarsa ga lafiyar masu bin titi ba abar karba ba ce, ko cunkoson da zai kara ya yi tsanani. Gidan maguna da wuya ya fadi a cunkoso, motocin ba su da yawa, a bangaren lafiya yake faduwa, don ko mota goma a rana in kofar makauniya ce hadari ne. Wanda ke adawa shi ma ya rike wannan, hoto da awo da kwanan wata sun fi dogon fushi aiki.

Karamin nema irin wannan sati takwas aka dibar masa, ko da yake sukan roki karin lokaci, kuma in injiniya ya ce a gyara wani abu gara ka ba da lokacin ka gyara. In adawa ta yi yawa ko kansila ya kira takardar, ana iya kai ta kwamitin kansiloli, inda galibi minti uku za a ba ka. Kar ka kashe su a kan yadda kake son maguna. Fadi gudun da aka auna, mitocin da kake da su, motoci nawa a rana, da sharuddan da ka yarda da su.

In an bayar, in an hana

In an bayar kana da shekara uku ka fara. Karanta sharuddan daya bayan daya, musamman masu cewa kafin a fara aiki ko kafin a bude, yawanci filin hange da bakin shiga da fakin suna nan, kuma wasu sai ka sake shigar da 'yar takarda an tabbatar ka cika. Haka yawan dakuna, in an ce 20 kar ka kara biyar a boye. Allon talla a bakin titi yana da tasa ka'idar, kuma ko an yarda kar ka kafa shi a cikin filin hangen da ka sha wahalar sharewa. Lokacin gini ma a kula, manyan motocin kaya su sauke a ciki, a wanke laka daga titi.

In an hana, kana da wata shida ka daukaka kara zuwa hukumar sufetocin tsara gari, sufeto zai zo da kansa ya tsaya a kofar ya gani. In kwamiti ne ya ki alhali injiniyan hanya bai yi adawa ba, kana da dama mai kyau, har kana iya neman a biya ka kudin da ka kashe in ba su da hujja. In kuwa injiniyan ne ya ce hangen bai kai ba kuma awonka ma haka ya nuna, kar ka bata wata da watanni, gyara kofar ka sake nema. Makwabta su ba su da daukaka kara in an ba ka, sai dai kotu cikin sati shida, kuma kan kuskuren bin doka kawai.

Bayan gini sai ka nemi lasisi, sufeto ya zo ya duba ya ba ka tauraro daga daya zuwa biyar, lasisin na shekara daya zuwa uku gwargwadon darajar da ka samu, kuma ba ka karbar kyanwa ko daya ta kudi sai ya fito. A takardar da za ka rika tura wa kwastoma, bayan maganar katin rigakafi da lambar 'yar na'urar shaida da ake sa wa kyanwa a karkashin fata, wadda ta zama dole a Ingila tun 10 ga Yuni 2024, rubuta musu ta wace mahada za su shigo, ina kwanar take, da cewa su shigo ciki su yi fakin kar kowa ya tsaya a gefen titi. Shingen da ke bayan layin hange kuma sa shi a kalandarka, ciyawar gefe a rika yanke ta duk lokacin da ta taso a bazara, shingen kuma a aske shi daga Satumba zuwa Fabrairu.